Idon da Soda Ta Ci a Jarwal

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga unguwar Mansur, Makka, zuwa ga ɗana Habibu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Ubangijin wannan Ɗaki ya sauke ka lafiya, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya tsare gabanka da bayanka da abin da ke saman kanka. Ummanka na gaishe ka. Ita ta cusa takardar nan a ƙarƙashin kilishin da ta sa maka a jaka, don ta san nan hannunka zai fara zuwa.

Da Hausa na rubuta, ko da yake na san Hausarka ta zama rabi da rabi, in ka fara zance da "wallahi Baba" sai ka ƙarasa da Larabci. Ka daure ka karanta a hankali, inda ba ka gane ba ka sake komawa. Na so in faɗa maka maganar nan baki da baki. Sau uku ina kiranka, sau uku ina ɓigewa da cewa ka kawo mini shayi. Tsoro nake ji, Habibu. Tun ranar da ka shigo da takardar ɗaukar aikin nan ban ci abinci ya zauna mini ba.

Ka tuna ranar, bayan sallar Juma'a, muna zaune kana yi mana bayanin matatar da ta ɗauke ka aiki, kana kwatantawa da cokula da kwanuka. Ka ce jan dutse ake haƙowa can arewa cikin hamada, jirgin ƙasa ya kwaso shi har bakin tekun gabas, inda da babu komai sai rairayi kafin a kafa wurin. A niƙa shi ya yi laushi, a zuba shi cikin manyan tukwanen ƙarfe rufaffu a dafa. Abin da ake nema ya narke ya bi ruwa, dattin ya kwanta ya zama jan taɓo, a kai shi gefe a tara. Ruwan kuma a tura shi wasu dogayen tankuna ya huce, a yafa masa iri har farin abu ya fito ya taru. Daga nan a gasa shi da wutar da ta fi ta maƙera, ya fito gari fari fat. Shi ne alumina, ka ce, daga gare shi ake samun goran ruwan da aka ƙera tukunyar Ummanka da jikin jirgin da ke kawo alhazai da shi. Ka ce wani Bature ne ya gano dabarar fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma har yau da ita ake aiki.

Ummanka ta ce, "To da me ake dafa dutsen, ya waladi? Ruwan zafi na narka dutse?"

Ka yi dariya ka ce, "Da soda, Umma. Soda kawiya, mai ƙunar nan, irin ta Baba, amma tanki-tanki, kuma tana tafasa. Ba a ma zubar da ita, zagayawa take yi cikin bututu a sake dafa wani dutsen da ita."

Kowa ya yi ta sa albarka. Ni kuwa kalma ɗaya na ji a duk bayanin, na ajiye lomar da ke hannuna. Ka ɗauka ƙoshi na yi.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A nan ba haka ba ne. Kai ka yi karatun, ni ko ƙofar wurin ban taɓa gani ba, don haka ba zan koya maka aikinka ba. Amma soda na san ta, ita ma ta san ni. Shekara talatin da ɗoriya ina buɗe toshewar magudanan gidajen alhazai da ita. Wautar da na tafka zan faɗa maka, yadda ta faru, ba yadda na saba ba ku labari ba.

Ka tashi ka ga idona na hagu fari, kuma na ce muku tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Ga yadda aka yi. Saura kwanaki kaɗan alhazai su fara sauka, aka kira ni wani bene a unguwar Jarwal, magudanar banɗakin hawa na uku ta toshe. Da hantsi ne, zafi kamar ya tsaga dutse. Na zuba garin soda a ramin, na bi shi da ruwan zafi. Ina da tabarau na kariya, wani Bapakistane mai shagon kayan famfo ya ba ni kyauta. Yana goshina. Na ɗage shi ne don zufa ta sa ba na gani sosai, na ce minti ɗaya ne. Sai na sunkuya in leƙa ko ruwan ya fara tafiya. Ramin ya yi gyatsa, ya tofo mini a fuska.

Da farko ya yi yaji kamar barkono. Na watsa ruwa tafi biyu ko uku, na goge da hannun riga. Can sai zafin ya lafa, na ce alhamdu lillahi, na tsira. Ashe lafawar nan ita ce cin. Wakilin gidan, wani dattijo Bayamane, ya zo ya dube ni ya ce, "Ya hajj, idonka ya canza kala. Yalla, asibiti." Na ce masa, "Mafi mushkila, ba komai." Na ƙarasa aikin, na wanke kayana, na tako da ƙafa har Mansur da ido ɗaya a rufe. Famfo yana nan a banɗakin, taku biyu daga inda nake tsaye, Habibu, ruwa na zuba a cikinsa. Wannan ne ban taɓa faɗa muku ba.

Me ya hana ni asibiti? Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan lokacin, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mini, tun da na zo aikin hajji na ƙi komawa. Ummanka na da cikin yayarka. A tunanina, ƙofar asibiti da ƙofar jirgin da zai mayar da ni gida duk ɗaya ne. Mu takari haka muke, mun gwammace ciwo da tambaya. A gida Ummanka ta ɗiga mini zamzam, wata maƙwabciya ta kawo kwalli. Zamzam waraka ce, ban musa ba, amma ɗigo uku ba sa wanke soda. Rana ta huɗu abokin aikina Malam Sule ya zo ya ga fuskata, bai nemi shawarata ba, ya kama hannuna ya tura ni cikin mota. Likitan, wani Bamisire, ya duba ya duba, sannan ya ce, "Minti nawa ka yi kana wankewa?" Na ce ban kai minti ba. Ya girgiza kai ya ce da na tsaya ƙarƙashin famfo na daɗe, na kuma zo a ranar, da wataƙila an ceci wani abu. Sun yi mini magani tukuna, maganar takarda ta biyo baya. Ta ba ni wahala, amma ta wuce. Idon bai dawo ba.

To ka ji. Ka ce a matatar an kafa wuraren wanka na gaggawa ko'ina, da koriyar fitila a kansu. Duk inda aka tura ka aiki, kafin ka taɓa komai, ka nemo mafi kusa da kai, ka auna takun da ke tsakaninku, don ranar da za ka neme shi wataƙila idonka a rufe ne. In soda ta taɓa ka, ko ɗigo ne, ka shiga ruwa ka tsaya. Kada ka goge. Kada ka ce zafin ya lafa. In ka ji fatarka na santsi kamar ka shafa sabulu, ba sabulu ba ne, jikinka ne ke narkewa. Ka tuɓe rigar da wandon da takalmin a gaban kowa. Na san ka da kunya, tun kana ƙarami ko singileti ba ka cirewa a gaban yayarka, amma a wurin nan ka ajiye ta. Ka tsaya a ruwan iya lokacin da suka ce, ka ƙara, sai mai duba lafiya ya ce ka fito. Tabarau kuwa, ko zufa za ta cika shi, ka fita daga wurin tukuna kafin ka ɗage shi.

Wauta ta biyu ta fi ta farko ci mini rai, don ba a jikina ta sauka ba. Bayan ido ya tafi sai na koyi jiƙa sodar tun a waje, in shigo da ita a ruwa, kada ta sake tofo mini. A me zan zuba? Ka san garin nan, ko'ina ka juya jarkar zamzam ce da alhazai suka bari. Sai na riƙa amfani da su. Ban rubuta komai a jiki ba, na ce ai ni na san kayana. Wata rana muna aiki a Aziziyya ni da Malam Sule, aka kira azahar, ruwan gidan a rufe don mu muka rufe shi. Na shiga ciki ɗauko sifana, shi kuma ya tsuguna a tsakar gida zai yi alwala. Ya ga jarkar zamzam, da ruwa garau a ciki. Wane Musulmi ne zai yi shakkar jarkar zamzam? Ya zuba ya wanke hannu, ya ji santsi, ya ɗauka man aiki ne a hannunsa. Ya kai tafi baki ya kurkura.

Ina fitowa na gan shi ya furzar yana riƙe da haɓa. Wannan karon na san abin yi, na ja shi gidan maƙwabta na danna kansa ƙarƙashin famfo, muka wuce asibiti ba tare da na tsaya tunanin takarda ba. Allah ya sa bai haɗiye ba. Amma leɓensa da harshensa sun sale, wata guda ba ya iya cin komai sai kunu mai sanyi. Har ya koma Maraɗi bai ƙara jin ɗanɗanon gishiri daidai ba, kuma da'irar tabon nan a bakinsa da kuke tambaya kuna yara, aikina ne. Na je ba shi haƙuri, da ƙyar yake magana, ya ce, "Ƙaddara ce, ɗan'uwa, bar ta." Na yarda da ƙaddara. Amma hannuna ne ya cika jarkar, kuma alƙalami na cikin aljihuna a ranar. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Saboda haka duk ruwan da ka gani a matatar nan, a ƙasa ne, a bokiti ne, ko yana ɗigowa daga sama, ka ɗauke shi soda har sai an tabbatar maka ba ita ba ce. In wani abu ya ɗigo maka a hula, kada ka ɗaga kai ka ga daga ina yake, ka matsa tukuna. Ɗaga kai ɗabi'ar ɗan Adam ce, ita nake tsoro. Abin da ka zuba a mazubi ka rubuta sunansa a jiki ko da minti biyar zai yi. Kuma wannan kwaɗon da ka nuna mini, mai katin sunanka, da ka ce kowa na rufe famfon bututu da nasa kafin ya buɗe wurin gyara, ka riƙe shi da muhimmanci. Kada ka shiga aiki a kan "ai na rufe" ta wani, ko da limaminku ne ya faɗa. Ka je ka gani, ka sa naka. Kada kuma ka cire na wani don ya tafi salla ko cin abinci kuma ana sauri. Ni ban yi niyyar cutar da Sule ba, ina ƙaunarsa kamar ciki ɗaya muka fito, kuma hakan bai hana komai ba.

Akwai wata ƙaramar wauta da na daɗe ina yi. In Balarabe ya yi mini bayani da sauri ban gane ba, sai in gyaɗa kai in ce "ɗayyib", wato to, kada a ce Bahaushen nan daƙiƙi ne. Na fasa bututun mutane da yawa da wannan ɗayyib ɗin. Can za ka haɗu da Indiyawa da Turawa da 'yan Filifin, kowa da irin Turancinsa, ga ƙarar injuna, ga abin toshe kunne. In ba ka ji ba ka ce a maimaita, sau biyar ma. Wanda ya yi maka dariya yau gobe ya manta.

Yanzu ga wadda na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso gare ta.

Ni na koya maka shiru. Kafin a buɗe ƙofar gyaran takardu mu sami iƙama, kana da shekara goma sha biyu lokacin, ka san dokokin gidanmu. In ka ga mai kaki, ka canza lungu. In an tambaye ka sunan babanka, ba ka sani ba. In an doke ka a waje, kada ka yi kuka mutane su taru. In ba ka da lafiya, ka daure, asibiti ba namu ba ne. Ni da soda ta ci wa ido saboda wannan tunanin, na dawo gida na shuka shi a cikin 'ya'yana. Na ce ina tsare ku ne.

Kana ɗan shekara tara ka taka fasasshiyar kwalba a bayan shagon mai tsire. Ka ɗaure ƙafar da tsumma, ka sa takalmi, kwana uku kana zuwa makarantar allo kana dawowa ba wanda ya sani. Ummanka ce ta ga kana ɗingishi, ta cire takalmin da ƙarfi, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Ta ce, "Don me ba ka faɗa ba?" Ka dube ni ka ce, "Kada a kama Baba." Ka tuna abin da na yi? Na shafa kanka na ce, "Haka namiji yake." Na ga yadda fuskarka ta yi haske. Ummanka ba ta yi mini magana ba har washegari, kuma ita ke da gaskiya. Da na sani ƙeya ce. Cikin duk abin da na aikata a garin nan, wannan shafa kan na fi jin tsoron a tambaye ni a kansa.

Yau kana da takarda, da katin aiki mai hotonka, ba mai korarka. Amma ina kallonka, ɗana, yaron nan mai tsumma a ƙafa bai tafi ko'ina ba. Watan jiya ka yi kwana biyu da zazzaɓi kana zuwa gwajin aikin nan, sai a kwandon shara muka ga kwalin maganin. In mota mai jiniya ta wuce har yanzu kafaɗarka na ɗagawa. In babba na magana ba ka cewa a'a. A Mansur wannan hali sunansa tarbiyya, kowa na yaba mini kai. A wurin da soda ke tafasa cikin bututu a saman kan mutane, wannan halin zai iya kashe ka, ko ya kashe na kusa da kai. Abin da ke hana ni ci ke nan. Ina ganinka ɗigo ya shiga maka cikin safar hannu, ka dubi shugaban aikinka, ka tuna sabo ne kai kuma baƙo, ka ce bari a tashi daga aiki tukuna.

Don haka na janye dokokin nan duka, ni da na kafa su. In ka ji ciwo ka faɗa da ƙarfi, a rubuta sunanka da nawa a takardar rahoto, ba abin da zai same ni. In ka ga bututu na yoyo ka kai magana ko da kai ka jawo. In ɗan'uwanka Bahaushe ya ce ka rufa masa asiri kan wani ganganci, ka ce masa babanka ya rufa wa kansa asiri kwana huɗu, ga abin da ya samu. In an ce ka shiga inda zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tsaya ka ce a'a, ko wane ne. In sun sallame ka saboda haka, ka hau mota ka dawo. Tuwon gidan nan bai ƙare ba, kuma ba zan tambaye ka dalili ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ka yafe mini, Habibu. Ban saba faɗin haka ga ɗan da na haifa ba, shi ya sa na rubuta.

Abu ɗaya nake roƙo. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci ka kira mu ta waya mai hoto, ba ta murya kaɗai ba. Ka tsaya inda akwai haske, ka cire hula da tabarau, ka nuna mini idanunka biyu, ka juya mini hannayenka ciki da baya. Za ka ce Baba ya cika fitina, ka faɗa, na yarda. In ka ce mini "lafiya lau" ba zan gaskata ba sai na gani, domin na san wanda ya koya maka faɗinta.

Allah ya tsare mini kai daga wuta da ruwan da ke ƙuna, daga gaggawarka da gangancin wani. Allah ya buɗe bakinka a inda shiru ke cutarwa. Ya sa albarka a guminka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka, cikakke yadda ka fita. Ummanka ta ce ka riƙe azkar na safe da yamma, yayarka da 'ya'yanta na gaishe ka. Gobe in Allah ya kai mu zan sauka Harami in yi maka ɗawafi. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.